Yadda A Ke Koyon Zane A Lambun Gari

Ran wata Asabar da hantsi, cikin kaka, malaminmu na zane ya shigo aji ya ce kowa ya ɗauki takarda da fensir ya biyo shi. Mu ashirin da huɗu ne. Muka fita ƙofar makaranta, muka yi tafiya kamar mil guda, har muka kai lambun nan na gari inda mutane kan tafi shan iska da maraice. Ya tsai da mu gaban wata tsohuwar tsamiya, ya ce mu zauna mu zana ta, ya ba mu rabin sa'a. Kowa ya yi murna a ransa, don a ganinmu ba a taɓa ba mu aiki mai sauƙi kamar wannan ba. Wane ne bai san tsamiya ba? A ƙarƙashinta muka yi wasa muna yara, da 'ya'yanta a ke dama mana kunu.

Da lokaci ya cika, malam ya karɓi takardun ya jera su a ƙasa, ya ɗora wa kowace tsakuwa don kada iska ta kwashe, ya ce mu zo mu duba. Sai ga itatuwa ashirin da huɗu, duk kama ɗaya: gindi miƙaƙƙe da dunƙulen ganye a bisa, kamar an kifa ƙwarya a kan taɓarya. Ita kuwa tsamiyar da ke gabanmu, gindinta ya karkata wajen gabas, ya rabu biyu daidai tsayin mutum, ga kuma wani babban reshe a hagu wanda ya bushe, babu ko ganye guda a jikinsa. Malam ya ce, "Wa ya ga busasshen reshen can?" Muka yi shiru. Ya ce, "Wannan itace da kuka zana, tun kuna aji ɗaya kuka haddace shi daga babban allo. Yau tilawarsa kuka yi mini. Tsamiyar kuwa ba wanda ya dube ta."

Kunya ta kama mu. Amma abin da ya fi damunmu daga baya shi ne, mu malamai za mu zama. In Allah Ya yarda kowane ɗayanmu za a ba shi aji, yara talatin ko fiye, kuma abin da ya zana musu a allo shi za su haddace, su ma su tafi da shi. In ba mu gyara ba, ƙwarya da taɓarya za mu gadar musu. Saboda haka muka ga ya kamata mu rubuta abin da muka koya a lambun nan cikin watannin da suka biyo baya, don amfanin 'yan'uwanmu na sauran azuzuwa, malamanmu kuma su gyara mana inda muka kuskure. Tushen darasin duka guda ne, watau a fara horon ido, sa'an nan hannu ya bi.

Asalin wannan al'ada

Fita waje don a zana abin da ido ya gani al'ada ce wadda ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai cikin ƙarni na 19. Kafin nan galibin masu zane a ɗaki su ke gama aikinsu. In sun fita ma, ɗan zanen tuni su kan yi, su komo gida su ƙarasa da ka.

Cikin waɗanda suka yi suna wajen aiki a fili akwai wani mutumin Ingila, John Constable, wanda aka haifa a 1776 ya mutu a 1837. A shekarun 1821 da 1822 ya riƙa zama a wani tudu mai suna Hampstead Heath, arewa da birnin Landan, yana zana gajimare. Har yau wurin fili ne na jama'a, kowa na iya shiga. Abin lura ga aikinsa shi ne, in ya gama zane sai ya juya bayan takardar ya rubuta kwanan wata, da sa'a, da inda iska ke fitowa. Ya ɗauki gajimare abin nazari ne, kamar yadda mai ilmin tsiro ke ɗaukar ganye.

Abu biyu suka taimaka al'adar ta yaɗu. Na farko, a 1841 wani Ba'amurke mai zane da ke zaune a Landan, John Goffe Rand, ya ƙago 'yar jakar kuza wadda a ke ɗura fenti a ciki, a matsa ya fito, a rufe. Dā cikin mafitsarar alade su ke ajiye fenti, in an huda ta sai ya bushe ko ya tsiyaye, ɗaukarsa zuwa daji wahala ne. Na biyu, biranen Turai suka cika da masana'antu da hayaƙi, hukumomi suka shiga yanka filaye suna dasa itatuwa don talakawa su sami wurin shan iska. Ɗaya daga cikin na fari da aka gina da kuɗin jama'a shi ne lambun Birkenhead, kusa da Liverpool, wanda aka buɗe a 1847. Da haka mai zane da ke zaune tsakiyar birni ya sami itatuwa da ruwa da sarari kusa da gidansa. Claude Monet, Bafaranshe, ya zana lambun Monceau na birnin Paris a 1876, ya sāke komawa kansa a 1878.

Mu da ke neman malanta, wanda ya fi kusa da sha'aninmu shi ne John Ruskin. Tun daga 1854 ya riƙa koya wa ma'aikata zane da dare a wata kwaleji ta Landan da aka kafa dominsu, a 1857 kuma ya buga littafi a kan koyon zane don masu fari. Nufinsa ya koya musu gani, ko da ba za su ci abinci da zane ba. A ƙasarmu kuma, Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode da aka haifa a 1882, ya fara koya wa kansa ne ta hanyar kwaikwayon hotunan littattafai da jaridu. Bai tsaya nan ba, a 1920 ya tafi Landan da Paris ya yi karatun zane, ya komo a 1922 ya ci gaba da koyarwa a makarantun Ikko. Al'adar zane a fili kuwa ba ta mutu ba. A 2007 wani ɗan jarida mai zane a birnin Seattle na Amurka, Gabriel Campanario, ya kafa ƙungiya mai suna Urban Sketchers, wadda ta yi rassa a birane da yawa na duniya. Babbar ƙa'idarsu ita ce mutum ya zana abu yana wurin, yana dubansa.

Kayan aiki

Kada tsadar kaya ta hana kowa. Abin da a ke bukata kaɗan ne: fensir biyu, da takarda marar layi, da ɗan katako ko kwali mai kauri na ɗora takarda, da wuƙar fiƙe fensir. Bakin fensir haɗi ne na wani baƙin ma'adini da yumɓu. In yumɓu ya yi yawa sai ya yi tauri, zanensa ya fito fari-fari, shi ne a ke sa wa harafin H. In yumɓu ya yi kaɗan sai ya yi taushi da baƙi, shi ne mai harafin B. Mai lamba HB ya isa a fitar da siffa, mai lamba 2B ko 4B kuma don inuwa.

Wanda bai sami fensir mai taushi ba ya yi gawayi. A sami siraran ƙirare, a ɓare bawon, a cika gwangwani da su, a rufe, a huda murfin huda ɗaya, a sa cikin wuta har hayaƙi ya daina fita. In ya huce sai a buɗe. Wanda ya yi makarantar allo kuma yana da kayansa tun dā, watau alƙalamin kara da tawada. Hannun da ya saba jan baƙi a allo ya riga ya san inda a ke dannawa da inda a ke sassautawa, wannan kuwa rabin aiki ne.

Abin goge zane, malam ya hana mu shi wata guda cur. Dalilinsa, mai gogewa ba ya duban itace, kuskurensa ya ke duba. In layi ya kauce, a bar shi, a ja na daidai kusa da shi, don a ga bambancinsu.

Lokaci da wurin zama

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga ƙarfe bakwai na safe zuwa tara, ko kuwa bayan la'asar. Sa'an nan rana na gefe, kowane abu yana da ɓangaren haske da ɓangaren duhu, siffarsa ta fito sarai. Da tsakar rana inuwa kan taru ƙarƙashin abu, komi ya yi kamar a shafe ya ke. A ƙasarmu abin ya fi tsanani, don a wajen Kano rana kan bi ta tsakiyar ka sosai sau biyu a shekara, cikin watan Afrilu da na Agusta.

A zauna a inuwa, domin farar takarda a rana ta kan kashe ido. A duba ƙasa kafin a zauna, saboda tururuwa da cinnaku. Kada a matsa kusa da abin da za a zana. In itace ne, a ja da baya kamar tsayinsa biyu ko uku, yadda za a gan shi daga gindi har ƙoli ba tare da an ɗaga kai ba. In an zaɓi wuri kuma, kada a tashi daga nan sai an gama, don ko taki biyu aka gusa rassa sun sāke tsari.

Lambu cike ya ke da abubuwa, mai koyo kuwa ya kan so ya zuba su duka a takarda guda. Maganin wannan shi ne a sami kwali a yanke masa taga, inci uku da inci biyu, a riƙe gaban ido a riƙa zagayawa da ita har a sami abin da ya cika tagar da kyau. Abin da ke cikin taga shi ne aikin yau, sauran a bar wa gobe.

Awo da fensir

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai idon mai koyo ya kan zarce wajen kimanta abin da ya ba shi sha'awa, ya rage abin da bai kula da shi ba. Don haka a ke taimakonsa da awo. A miƙe hannu sosai, kada a tanƙwara gwiwar hannu, a riƙe fensir a tsaye, a rufe ido ɗaya. A daidaita kan fensir da inda ganyen itace ya fara, a zame babban yatsa zuwa daidai inda gindi ya taɓa ƙasa. Wannan tsawo shi ne mudunka. Sai a ɗaga hannu a ga sau nawa ya shiga cikin tsayin itacen duka, a kwantar da fensir a ga sau nawa ya shiga cikin faɗinsa.

Da muka auna tsamiyarmu haka, sai muka tarar faɗinta ya fi tsayinta, gindin da a ke gani kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na tsayin ba. A zanenmu na farko kowa ya ba gindi rabi. Haka kuma a kan auna karkata: a riƙe fensir a tsaye kusa da gindin, a ga yadda ya kauce daga miƙe. Kafin a taɓa ganye ko guda, a sa ɗigo huɗu a takarda, na ƙoli, da na gindi, da na iyakar dama, da na iyakar hagu. Wanda ya fara da ganye, takarda kan ƙare masa bai kai gindi ba.

Layin ido

Ga wani abu da kowa ke gani kullum ba ya lura. In ka tsaya a bakin doguwar hanya mai itatuwa dama da hagu, gefunanta biyu sai su riƙa matsowa har su haɗu can nesa, itatuwan kuma su riƙa gajarta, ko da ya ke ka san faɗin hanyar ɗaya ne. Wurin da su ke haɗuwa kullum daidai tsayin idonka ya ke. In ka zauna ya sauko, in ka hau tudu ya hau. Saboda haka abin da za a fara ja a takarda shi ne layi ɗaya marar nauyi daga hagu zuwa dama, a madadin tsayin ido. Duk layin da ke tafiya nesa, in yana bisa wannan layi sai ya gangaro wajensa, kamar kan katanga. In yana ƙarƙashinsa sai ya hau wajensa, kamar gefen hanya.

Akwai hanyar gwada wannan mai sauƙi. Ka tsaya a fili mai daidai ka dubi manya da ke tsaye, na kusa da na nesa. Za ka ga kawunansu duka kusan a layi ɗaya su ke, ƙafafunsu ne ke hawa sama gwargwadon nisansu. Wanda ya je lambun Gamji a Kaduna, bakin kogi, ya sami tsohuwar gadar ƙafa wadda aka ɗauko daga Zungeru, ya tsaya a bakinta ya dubi yadda makaranta biyu ke matsowa. Dogayen hanyoyin lambun Millennium na Abuja, wanda aka buɗe a 2003, su ma sun dace da wannan gwaji.

Wannan ilmi yana da tsohon asali. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana cikin littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido a miƙe. Aka juya littafin zuwa Latin, malaman Turai suka karanta. A 1435 wani mutumin Italiya, Leon Battista Alberti, ya rubuta ƙa'idodin nuna nisa a kan shimfiɗaɗɗen allo don masu zane.

Nisa yana da wata alama kuma. Abin da ke nesa ya kan dushe, duhunsa ya ragu, ƙananan siffofinsa su ɓace, saboda ƙura da tururin da ke cikin iska. Mu ba sai an yi mana dogon bayani ba, hazon hunturu ya ishe mu malami. A danna fensir ga abin da ke kusa, a sassauta ga na tsakiya, na nesa kuwa a taɓa shi sama-sama.

Haske da inuwa

Duniya tana juyawa digiri 15 kowace sa'a, don haka inuwar da ka gani da ƙarfe takwas ba ta nan da ƙarfe tara. Ɗayanmu ya fara zanen mangwaro da safe, ya tafi ya komo da la'asar ya ƙarasa, sai ga itace mai inuwa gabas da yamma. Abin yi shi ne, da an fitar da siffa sai a sa alamar iyakar inuwa nan da nan, a yi ɗan kibiya a gefen takarda mai nuna inda rana ta ke, a tsaya a kan wannan har a gama.

A runtse ido kaɗan a dubi itacen. Ganye ɗai-ɗai za su ɓace, a ga dunƙule-dunƙule, waɗansu da haske waɗansu da duhu. Mataki uku sun isa mai koyo, watau farin takarda don inda rana ta buga, da toka-toka, da baƙi don can cikin rassa da ƙarƙashi. Kada a manta da kafofin da a ke hango sama ta cikinsu, gama itacen da ba shi da kafa ko ɗaya ya kan fito kamar dutse. Inuwar ƙasa kuma a haɗa ta da gindi, in ba haka ba itacen sai ya yi kamar yana lilo a iska.

Kowane itace da halinsa

Da ido ya fara buɗewa, sai muka ga ashe babu wani abu wai shi "itace" kurum. Akwai kuka, mai ƙaton gindi da gajerun rassa, wadda kan tuɓe ganyenta da rani, ganyen kuwa kamar yatsun hannu ya ke. Akwai gawo, wanda ya saɓa wa sauran, ya kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani. Rimi rassansa a kwance su ke fita, hawa-hawa, gindinsa kuma ya kan fid da fukafukai kamar bangaye. Mangwaro ya kan yi rumfa mai duhu, dogayen ganyensa a tare su ke a bakin reshe, sabon toho ja-ja. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne, ganyenta ƙanana ne masu haƙora kamar zarto, haske na ratsa ta fiye da mangwaro.

Malam ya ce mu zana giginya da goruba da dabino da ka, kafin mu je mu duba. Kusan dukanmu abu ɗaya muka yi sau uku. Alhali giginya miƙaƙƙiya ce, tana da kumburi a sama da tsakiyar jikinta, ganyenta kamar mafici. Goruba jikinta kan rabu biyu, kowane reshe ya sāke rabuwa biyu. Dabino kuwa jikinsa kaushi ne da guntayen tsofaffin rassa, ganyensa dogo kamar gashin tsuntsu. Yaron da aka haifa a ƙauye ya san waɗannan duka. In malaminsa ya zana masa su daidai, zai gane makaranta ta san abin da ya sani. In kuwa ya ga an yi wa goruba jikin dabino, ya dai yi shiru don ladabi, amma ya riƙe abin a ransa.

Mutane da ladabi

Lambun gari wurin jama'a ne, mai zane baƙo ne a cikinsa. A gai da mai gadi da masu ban ruwa, a gaya musu abin da ya kawo mu. Kada a karya reshe, kada a tsinki fure don a duba shi kusa, a je wurinsa. Yara za su taru a bayanka, wani ma ya ce bai yi kama ba. Kada ka kore su. Ka tambaye su inda ya kauce, sau da yawa su ke da gaskiya.

Waɗansu daga cikinmu sun yi shakka tun ran farko, saboda abin da muka ji wurin malamanmu na allo game da surar abu mai rai. Magana ce ta malamai, kowa ya tambayi nasa. Abin da muka sani shi ne, an ruwaito cewa Ibn Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya shawarci wani mai sana'ar sura da ya riƙa yin itatuwa da abin da ba shi da rai. Lambu kuwa cike ya ke da irin waɗannan, ga itatuwa, ga furanni, ga rijiya, ga katanga, ga gajimare. Mutum ya yi shekara yana zana su bai ƙare ba. Wanda ya ga zai sa mutane cikin zanensa, ya yi su daga nesa da 'yan layuka kaɗan, ya tuna tsayin babba kamar kansa bakwai ne ko da ɗan ɗori. Kada ya ƙura wa kowa ido, balle matan mutane, kada kuma ya zana fuskar wani sai da izninsa.

Ga mai cewa hoto ya wadatar

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala, ga wayar hannu tana ɗaukar hoto kafin ƙiftawar ido? Mun gwada. Muka kasu biyu gaban wani maɗaci, rabi suka ɗauki hotonsa suka tafi yawo, rabi suka zauna suka zana shi minti ashirin. Kashegari malam ya tambaye mu, ba duba takarda ba duba waya, manyan rassa nawa gare shi, wane gefe kuma aka sassaƙe ɓawonsa don magani. Masu zane suka amsa, ko da waɗanda zanensu ya yi muni. Masu hoto suka ce sai sun duba. Hoto yana da amfaninsa, ba mu raina shi ba, amma a cikin wayar ya ke ajiye abin, shi kuwa zane a cikin kai.

Yadda za mu kai shi aji

Ba kowane gari ne ke da lambun hukuma ba, kuma yawancinmu ƙauye za a tura mu. Wannan ba hanzari ba ne. Filin makaranta yana da itace, akwai fadama, akwai bakin kasuwa, akwai durumin ƙofar fada. Ga tsarin da muka shirya wa kanmu, na mako shida, darasi ɗaya kowane mako.

Mako na 1, kowane yaro ya tsinci ganye ɗaya da ya faɗo, ya zana shi da girmansa, ya ƙirga jijiyoyinsa. Mako na 2, reshe guda, a lura da yadda ganye ke fita, ko biyu-biyu ko ɗaya bayan ɗaya. Mako na 3, itace marar ganye, don a ga ƙashinsa, tare da awon fensir. Mako na 4, itace mai ganye, da mataki uku na haske da inuwa. Mako na 5, hanya ko katanga, da layin ido. Mako na 6, kowa ya zaɓi abin da ya ke so ta tagar kwali. Inda takarda ta yi wuya, allo da gawayi sun isa, ƙanana kuma su yi da tsinke a rairayi.

Ƙa'ida biyu muka ɗauka. Ta fari, malami kada ya zana abin a babban allo kafin yara su zana nasu, don da ya yi, shi za su duba su bar itacen. Ta biyu, in za a gyara wa yaro, kada a karɓi fensirinsa. A tsaya bayansa a tambaye shi, "Gindin ya fi kauri a sama ko a ƙasa? Sāke dubawa." Kowane zane kuma a rubuta masa kwanan wata da sa'a da sunan itacen a baya, yadda Constable ya yi wa gajimarensa. In aka zana itace ɗaya da kaka, da hunturu, da bazara, da damina, aka jera takardun a bango, yara sun sami darasin ilmin tsiro wanda suka rubuta da hannunsu. Idon da ya koyi lura da ganye kuwa, shi ne gobe zai lura da tsutsa a gona tun ba ta yaɗu ba, ya karanta taswira, ya ga ginin da ya karkata.

Cikin watan da ya wuce muka koma wurin tsamiyar nan, mu ashirin da huɗu, muka sāke zana ta. Ba za mu ce zanen ya yi kyau ba, waɗansu har yanzu abin dariya ne. Amma da aka jera takardun a ƙasa ba biyu da suka zama ɗaya, don kowa daga inda ya zauna ya gan ta. Busasshen reshen kuwa ba wanda ya sa shi, gama masu lambu sun sare shi, sai gurbin saran kowa ya nuna.

Muna roƙon 'yan'uwa su gwada wannan ran Asabar mai zuwa, ko da rabin sa'a ne, su kawo mana abin da suka zana mu gani. Allah Ya buɗe idanunmu, Ya sa mu amfani yaran da za a danƙa mana, amin.